Mu Koyi Turanci: "Stupor"

Kalmarmu ta wannan wata ita ce "stupor". Mukan gan ta a katin asibiti. Daga Latin ta fito, tushensu ɗaya da "stupid", amma ba zagi ba ce. Likita yana nufin hankalin mai ciwo ya dushe. Yana kwance kamar mai barci, in an kira sunansa ba ya amsawa, sai an girgiza shi da ƙarfi ko an mintsine shi ya buɗe ido, ya sake komawa. Ta fi magagi nauyi, amma ba ta kai "coma" ba, wato dogon suma.

Turawa kuma sukan ce "drunken stupor" ga wanda giya ta kayar. To, ba giya kaɗai ba ce. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da faɗuwar sukarin jini, duk sukan jawo wannan hali. Mu kuwa sai mu ce, "Ku bar shi, ya sha burukutu ne," ko "Madalla, yaron ya sami barci." Kada mu ɗura masa kunu ko ruwa, zai sarƙe shi. Mu kwantar da shi ta gefe, mu kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.