Kafin a sayar da gona a tafi Jidda

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana na karkara da masu ƙananan sana'o'i, musamman samarin da suka ƙwallafa rai sai sun zo Saudiyya neman kuɗi.

Ni tela ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Gumel. Na koyi ɗinki a Kano, na zo Jidda a 2009 da bizar aiki, kuma har yau ina kan keke. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ɗan wana ya bugo mini waya yana cewa zai sayar da gonar da ya gada wajen mahaifinsa, ya ba wani ejan kuɗin, a yi masa bizar Umara, idan ya shigo ya maƙale. Wai ya yi lissafi, riyal ɗaya ya kai wajen naira 400, saboda haka ko wankin mota ya samu ya warke.

Lissafin nasa ba ƙarya ba ne. Shekarar da na zo riyal ɗaya naira 40 ne ko kusa da haka. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, 3.75 a kan dala ɗaya tun 1986, ba ya motsi. Naira ce ta faɗi, musamman bayan da gwamnati ta sake ta a watan Yunin 2023, har dala ta haura N1,500 a 2024. To amma jama'a, buhun shinkafar da nake saya wa gida da kuɗin da na aika a 2009, shi ma ai kusan sau goman ya ninka. Adadin ne ya kumbura a takarda. Kuma wanda ke zaune a Jidda da riyal yake biyan haya, da riyal yake sayen burodi da ful, ba da naira ba. Abin da ya rage bayan wannan shi ne ake canzawa, kuma sau da yawa bai taka kara ya karya ba.

Na san abin da ke ruɗar mutanenmu. Labarin kakanni ne. Su sun tafi a ƙasa ta Chadi da Sudan, suna noma suna ƙwadago a hanya, su yi shekaru kafin su tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Waɗansu suka zauna suka hayayyafa, jikokinsu suka zama 'yan ƙasa masu sunan Hausawi, har ɗaya daga cikinsu, Usama Hausawi, ya riƙe kyaftin ɗin 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Bayansu aka yi zamanin 'yan Kano-Jidda, a kai goro da yaji, a dawo da zinari da dardumai da haƙorin Makka. Wannan ƙasar da ake ba da labarinta ba ita ce muke ciki yau ba.

Su ma Larabawan yanzu 'ya'yansu aiki suke nema. Tun 2011 gwamnatinsu ta kawo tsarin Nitaƙat, wanda ya tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa. A 2013 aka ba marasa takardu wa'adi, da ya cika a watan Nuwamba aka shiga kame ba sani ba sabo. A 2016 aka ce shagon sayar da waya da gyaranta na ɗan ƙasa ne kaɗai. A watan Yulin 2017 aka sa wa baƙo harajin riyal 100 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa, mata ko ɗa, ana ƙara 100 duk shekara har ya kai 400 a 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu ke nan riyal 2,000 kowane wata, abin da ya fi albashin yawancinmu. Na raka maƙwabta filin jirgi suna mai da iyalinsu gida, da yaran da aka haifa a nan, Hausarsu ma ta karye, ba su taɓa ganin Kano ba. Sannan ga harajin sayen kaya, kashi 5 cikin ɗari a 2018, ya koma 15 a 2020.

Abin da ya fi taɓa mu kuwa shi ne rusau. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda, har da Karantina da Sabil da Gulail, inda baƙar fata ke samun ɗaki mai araha, inda kuma sabon zuwa yake samun wanda zai ce masa shigo ka kwanta. Ni kaina na tashi daga ɗakin da na shekara goma a ciki, na koma wanda kuɗinsa ya kusa ninka wancan. Mai cewa idan na shigo zan laɓe wajen 'yan'uwa, sai ya tambaya tukuna ko wurin laɓewar yana nan.

Wannan duk ga mai takarda ke nan. Ni mai igama ne, amma igamar a hannun kafili take. Doka ta ce shi zai biya kuɗin sabunta ta, amma nawa na farko ni yake sa wa in biya, kuma fasfona na aljihun teburinsa har shekara huɗu. Da ka ɗaga murya sai a tsorata ka da hurub, wato ya kai rahoto cewa ka gudu, ka wayi gari ba ka da matsayi. Gaskiya an sassauta a watan Maris na 2021, ma'aikacin kamfani yana iya canza wurin aiki bayan shekara ba sai da yardar kafili ba. Sai dai sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, alhali nan ne akasarin mutanenmu suke faɗawa.

To ina ga wanda ya shigo da bizar Umara ya maƙale? Ba shi da izinin aiki, ba zai buɗe asusun banki ba, idan ya yi aiki aka hana shi kuɗinsa ba inda zai kai ƙara, idan ciwo ya kama shi tsoron asibiti yake yi. Ranar da aka kama shi sai Shumaisi, gidan tarhil da ke tsakanin Makka da Jidda, a ɗauki zanen yatsunsa, a sa shi a jirgi da kayan jikinsa. Ko Hajjin da waɗansu ke cewa ai ko ba komai zan sauke farali, a 2025 hukuma ta sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda ya yi ba da izini ba, da hana mai zama ba bisa ƙa'ida ba shiga ƙasar har shekara 10.

Kada a ce na ci na ƙoshi ina hana wasu. Alhamdu lillahi, na gina ɗaki huɗu a gida, na aurar da ƙannena biyu, na yi aikin Hajji, kuma sallar Juma'a a Harami ba abin da za a saya da kuɗi ba ne. Amma mahaifiyata ta rasu ina bakin keke, ta waya aka gaya mini, kafin a buga mini izinin fita an yi sadakar bakwai. Babbar 'yata na bar ta tana rarrafe, ga shi ana maganar aurenta, duka zaman da muka yi da ita wuri ɗaya bai cika shekara biyu ba. Laifin namu ne mu mazauna waje, idan mun zo hutu jallabiya fara da turare kawai ake gani, ba mai faɗin cewa mu shida ne a ɗaki ɗaya.

Ina kira ga dagatai da limamai, duk wanda ya zo a shaida masa cinikin gonar gado don tafiya waje, a tambaye shi wace irin biza ce, wane aiki, kuma ina takardar yarjejeniya. Hukuma kuma ta sa ido a kan ejan-ejan ɗin da ke bin ƙauyuka ranar kasuwa.

Shi kuwa ɗan wan nawa na ce masa ya bar gonar nan, zan aiko masa da kuɗin taki da na injin ban ruwa ya gwada noman rani. Ya ce zai yi shawara. Jiya na ji ejan ɗin ya sake zuwa gidan.



Daga wani tela ɗan ƙasar Gumel,
mazaunin Jidda, Saudiyya.