Rijiyar Damargu ta jama'a ce

A Tanut da Belbeji, da zarar tafkunan damina sun ƙafe, rayuwar Buzaye, Fulani, Hausawa da Dagirawa kan koma bakin rijiya. Ruwan ƙasar Damargu yana da nisa, har sai an ɗaura wa raƙumi ko jakuna igiya kafin wasaki ya fito. Saboda haka mutane ke murna duk lokacin da wani attajiri mai garke ya haƙa rijiya ko fanfo da kuɗinsa. Sai dai a ganina, ya kamata a yi hattara da wannan murna, domin a ƙasar da ruwa ya yi ƙaranci, mai rijiya shi ke da ciyawar da ke kewaye da ita.

Dalilin a fili yake. Saniya ba ta iya yin nisa da ruwa a bazara, don haka wanda ya hana ta sha ya kore ta daga makiyayar ko da bai dasa shinge ba. Dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 sun amince cewa filin kiwo na kowa ne, dokar ruwa ta 2010 kuma ta ɗauki ruwa a matsayin dukiyar al'umma. Rijiyar da aka kulle da kwaɗo tana warware waɗannan dokoki a aikace, ta mayar da ƙaramin makiyayi mai sayen abin da doka ta ba shi.

Wasu za su ce gwamnati ba ta da kuɗi, kuma rijiyar attajiri ta fi babu. Gaskiya ne, ba wanda zai hana mai hali haƙa rijiya. Abin da ake buƙata shi ne kada a sa diga a ƙasa sai hukumar filaye, wato Kofo, ta zauna da sarakuna, magajin gari da wakilan makiyaya, an rubuta ranakun shayarwa, kuɗin gyara da hakkin baƙon da ke wucewa. A kuma bar tazara tsakanin rijiyoyi, don taruwar dabbobi wuri ɗaya ke cinye ciyawa har tushe.

Yankin da ke ɗauke da matatar man Soraz tun 2011 ba zai rasa kuɗin gyara rijiyoyin jama'a ba, in hukumomi sun so. Kwaminonin Tarka, Tenhiya da Gangara su fara da ƙirga rijiyoyinsu, su bayyana wa jama'a hannun da kowace take.