DAGA BAKIN BINUWAI: Gidan da ya fito da hanjinsa waje

Da yake an rufe Cibiyar Pompidou ta birnin Paris tun watan Satumba na 2025 domin gyara, kuma ba a sa ran buɗe ta sai 2030, mun ga ya dace mu ba ku labarin ziyarar da muka kai mata a 2019, sa'ad da aka tura mu wani ɗan kwas na malamai.

An buɗe ginin a 1977, da sunan shugaban Faransa Georges Pompidou, wanda ya rasu a 1974 bai ga an gama ba. Mutum biyu suka tsara shi, Renzo Piano ɗan Italiya da Richard Rogers ɗan Ingila. Da muka hango shi mun zaci masana'antar gurzar auduga ce, domin duk abin da magini ke ɓoyewa cikin bango, su waje suka fito da shi. Shuɗin bututu na iska ne, kore na ruwa, rawaya na lantarki, ja kuwa na matakalar nan mai tafiya da kanta wadda ke kai mutane sama. Wani abokin tafiyarmu, ɗan mahauta, ya ce ai wannan gida feɗe shi aka yi aka rataye hanjin.

Ayyukan fasaha da cibiyar ta mallaka sun haura 100,000, ciki har da na su Picasso da Matisse da Kandinsky. Maganar gaskiya, da farko ba mu fahimci komai ba: layuka, da'ira, murabba'i, ba mutum ba dabba, ga Turawa sun yi tsit suna kallo. Sai da muka daɗe gaban wani zanen Kandinsky sa'an nan gaban babbar riga mai aska takwas ya faɗo mana a rai, da zanen bayan ƙwarya, da dagin da ke bangon gidajen Zariya da Damagaram. Ashe abin ba baƙo ba ne gare mu. Bambancin da muka gani shi ne, kusa da kowane zane akwai ɗan kati ɗauke da sunan wanda ya yi da shekarar da ya yi. Mu kuwa rigar sallar mahaifinmu, wadda ta ci watanni a hannun maɗinki, tana nan cikin akwati, amma duk gidanmu ba wanda ya san sunan mutumin.

Ɗakin karatunsu ma abin faɗi ne. Ba kuɗi, ba kati, har ƙarfe 10 na dare, kuma mun tarar da 'yan Afirka da dama zaune suna koyon Faransanci.

To, mu dawo gida. Wani bincike da masanan Kamaru da na Jamus suka fitar a 2023 ya nuna cewa kayan tarihin Kamaru fiye da 40,000 suna gidajen ajiya na Jamus, akasarinsu an kwashe su zamanin mulkin Jamusawa, waɗanda suka ci Garwa da yaƙi a 1901, Marwa kuma a 1902. Gadon sarautar Sarki Njoya na Fumban yana Berlin tun 1908. Faransa ta maido wa ƙasar Benin kaya 26 a 2021, su kuma Bamun sun buɗe sabon gidan tarihinsu a Fumban a 2024. Su dai sun shirya. Mu Hausawan Kamaru fa, in aka ce gobe ku zo ku karɓi naku, ina za mu ajiye, kuma wa zai shaida cewa namu ne?

Abin da ya fi damunmu ma ba na Turai ba ne, wanda ya rage a hannu ne. Dillalai na bin gidaje suna sayen tsofaffin riguna da takubba da sirdi a kan kuɗin da bai kai buhun gero ba. Keken ɗinki ya kori allura. Dukawan Marwa da suka dogara da masu yawon buɗe ido, ciniki ya ja baya tun da aka sace wasu Faransawa kusa da Waza a 2013, 'ya'yansu da yawa kuma sun koma acaɓa.

A zangon karatun da ya wuce mun gwada wani abu a ajinmu. Muka ce kowane ɗalibi ya aro abu ɗaya na aikin hannu daga gida, ya rubuto sunan wanda ya yi da garinsu. An kawo faifai, da zabira, da allo mai zayyana, da hular hannu, amma 'yan ƙalilan ne suka zo da suna. Wata yarinya ta kawo ƙwaryar auren kakarta, ta kuma rubuto shafi guda cur, domin tsohuwar na da rai, ta ba ta labarin tasowarsu daga Katsina. Ita ce ta fi kowa maki.

Saboda haka muna roƙon Sarkin Hausawa da dattawan unguwar Hausare su taimaka da ɗaki ɗaya mai ƙofa da kwaɗo, ko da zaure ne. Rubuta katunan kuwa aikinmu ne da ɗalibai. 'Yan'uwa na Biriketeri a Yawunde da New Bell a Duwala, wanda ke da tsohon da ya san aikin allura ko na fata, ya je da takarda da biro ya zauna gabansa kafin azumi, ya aiko mana ta ofishin wannan mujalla.