Wa Zai Biya Kuɗin Bututun da Aka Fasa?

Idan magidanci ya sa a haƙa masa shadda, diga ta huda bututun ruwa, unguwa ta kwana uku ba ruwa, galibi sai a ce shi zai biya, tun da shi ya kawo lebura. Ban yarda da wannan hukunci kai tsaye ba. A Amurka, tun 2007 akwai lambar waya, 811, wadda mutum ke bugawa kafin haƙa, a zo a shata masa inda bututu da wayoyi suka bi, kyauta. Wanda ya ƙi bugawa ya yi ɓarna, diyya ta hau kansa, kuma daidai ne. Mu fa, ina taswirar? Ya kamata hukumomin ruwa su fara kafa alama bisa bututunsu kafin su nemi diyya wurin talaka.