"Baba, zauna ka huta": tausayin da ke cinye ƙarfin tsofaffinmu



Tun harin watan Fabrairu na 2015 a Boso da Difa, dattawa da yawa suka baro gonakin tattasai da na shinkafa, suka dawo zama bakin gudron ko cikin gari wajen 'ya'yansu. Mutumin da ya saba noma da jan koma, yau yana kan tabarma daga safe har magariba. In ya miƙe zai ɗauki buta, sai mu ce: "Haba Baba, zauna ka huta." Muna ganin ladabi ne, amma wallahi muna cutar da shi ba mu sani ba.

Daga shekara 30 naman jikin mutum yake fara raguwa kaɗan-kaɗan, bayan 60 abin ya ƙara sauri. Likitoci na kiran wannan sarkopeni. Tsokar da ba a aiki da ita tsotsewa take yi. Daga nan tashi daga sujada ya gagara, ƙafa ta fara rawa, ran nan a faɗi a bayan gida a karye a ƙugu. Kuma kun san tsoho in ya kwanta da irin wannan karaya, tashinsa da wuya.

Sai maganar cima. Haƙori ya zube, mun bar Inna da kunu da tuwo kawai. Ciki ya cika, amma tsoka ba ta samu abincinta ba. Masana na ba da shawarar giram 1 zuwa 1,2 na furotin a kan kowane kilo na nauyin tsoho, a kowace rana. Mai kilo 60 ke nan yana buƙatar giram 60 zuwa 72, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai.

Za ku ce kuɗin fa? Gaskiya ne, rayuwa ta yi tsada. Amma ba sai nama ba. Waken da ya dahu luguf, bandar kifi a daka a zuba a miya, garin ƙuli-ƙuli, nono a cikin hura, duk suna cikin kasuwarmu. A raba su safe, rana da dare. Mai ciwon ƙoda dai ya fara tambayar likita a CSI.

Hukumar OMS ta ce wanda ya kai 65 ya riƙa motsin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Babu buƙatar wani inji. Ya tashi daga kujera ya zauna sau 10, ya ɗaga bidon mai lita 2 ko 3, ya taka zuwa masallaci da ƙafarsa, jika na biye da shi.

Don haka gobe in Baba ya ce zai ba akuya ruwa da kansa, mu bar shi. Mu dai tabbata akwai wake ko kifi a kwanonsa. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya.