Mawaƙin Punjab Da Ya Ɓace Wata 18

Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sabawa da finafinan Indiya, tun zamanin da ake cika gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos domin kallon su Amitabh Bachchan, har zuwa yau da kowa ke riƙe da silimarsa a tafin hannu. Saboda haka mai karatu da ya kalli fim ɗin nan na Shah Rukh Khan mai suna Chennai Express, wanda ya fito cikin 2013, ya riga ya ji muryar mutumin da za a ba da labarinsa a wannan fili, ko da kuwa bai san sunansa ba. Shi ne ya tsara kiɗan rawar da aka rufe fim ɗin da ita, wadda ake kira Lungi Dance, shi ne kuma ya rera ta. Sunansa na ainihi Hirdesh Singh, amma duniya ta fi saninsa da Yo Yo Honey Singh. A wannan shekara da wuya a yi biki a arewacin Indiya ba a sa waƙarsa ba. Shekara guda bayan haka sai aka neme shi aka rasa.

An haifi Hirdesh Singh ran 15 ga watan Maris na 1983. Iyayensa mutanen Punjab ne mabiya addinin Sikh, ya kuwa tashi a wata unguwa ta masu ƙaramin ƙarfi da ake kira Karampura, a yammacin birnin Delhi. Ita ƙasar Punjab ƙasar noma ce mai albarkar koguna, an raba ta biyu cikin 1947, rabi ya faɗa Indiya rabi ya faɗa Pakistan. Manomanta suna da wata rawa ta murnar girbi da suke kira bhangra, wadda ake yi da babbar ganga mai baki biyu da suke ce wa dhol, da wata 'yar garaya mai tsirkiya ɗaya da suke ce wa tumbi.

Wannan kiɗa na manoma ya yi doguwar tafiya kafin ya iso hannun Honey Singh. Mutanen Punjab da suka tafi ci-rani Ingila suka zauna a wurare irin su Southall da Birmingham sun tafi da gangarsu, 'ya'yansu kuwa da aka haifa a can suka gauraya ta da kayan kiɗan Turawa. A ɗaya gefen kuma, baƙaƙen fatar Amurka na unguwar Bronx a birnin New York sun fito da wata irin waƙa tun wajen shekarun 1970, wadda ake zubo magana a jere bisa kiɗa ba tare da jan murya ba, ita ce ake kira gambarar zamani. Wani haifaffen Coventry mai laƙabin Panjabi MC ya haɗa biyun cikin 1998 a wata waƙa da ta zaga duniya, har mashahurin mawaƙin Amurka Jay-Z ya sa muryarsa a kanta cikin 2003. Wani kuma mai laƙabin Bohemia, haifaffen Karachi mazaunin California, ya fitar da kundin gambara cikin harshen Punjabi a 2002. Watau dai Honey Singh ya tarar da hanya an share ta. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko wannan haja daga hannun 'yan ci-rani ya kai ta tsakiyar kasuwar Indiya.

Da haɗa kiɗa ya fara, kafin ya zama mawaƙi. Mai wannan sana'a shi ne wanda ke zama a situdiyo gaban kwamfuta, ya jera bugun ganga, ya ɗora sauran sautuka a kai, ya auna inda murya za ta shiga da inda za ta tsaya, sa'an nan mawaƙi ya zo ya rera. Sunan mawaƙi ake ji, nasa kuwa sai wanda ya duba bayan faifai. Honey Singh ya shiga wannan aiki wajen 2003, ya yi shekaru yana ɗinka wa waɗansu riga. Cikin 2006 kiɗan da ya yi wa Ashok Mastie a waƙar Glassy ya sa aka fara tambayar ko wane ne shi. Cikin 2009 ya tsara wa Diljit Dosanjh kiɗan kundinsa The Next Level, kuma cikin 2011 wata waƙa da suka yi tare ta hau kan gaba a jerin waƙoƙin Asiya na gidan rediyon BBC. A ƙarshen wannan shekara ya fitar da nasa kundin, International Villager, wanda a ciki ya tara mawaƙan Punjab da dama, shi kuma yana kiɗa yana gambara. Daga nan ne mai zaman bayan fage ya fito tsakar fili.

Masu shirya finafinai na birnin Mumbai ba su yi nawa ba. Cikin 2012 aka ɗauki waƙarsa Angreji Beat aka sa a fim ɗin Cocktail, sa'an nan buƙatu suka yi ta kwararowa. Ya yi wa Shah Rukh Khan da Akshay Kumar waƙa cikin 2013, ya yi wa Amitabh Bachchan cikin 2014. Har ta kai mai fim kan ga hajarsa ba ta cika ba in babu waƙar Honey Singh guda a ciki, ko da ba ta da wata dangantaka da labarin.

To, amma me waƙoƙin ke cewa? Akasarinsu zancen giya ne da motoci da kuɗi da kwana rawa, da kuma siffanta mata kamar kayan da aka baza a kasuwa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi tashe cikin 2014 sunanta kawai ya isa shaida, gama ma'anarsa kwalba huɗu ta barasa. Yara ƙanana suka haddace su, iyaye suka yi ta gunaguni. Abin ya zo da ƙarar kwana a watan Disamba na 2012, lokacin da waɗansu maza suka yi wa wata ɗaliba 'yar shekara 23 fyaɗe cikin motar bas a Delhi, ta rasu ran 29 ga watan a wani asibiti na Singafo. Ƙasar ta ɗauki zafi, jama'a suka fara bin diddigin duk abin da ke raina mace a waƙa da fim. Aka tono waɗansu waƙoƙin batsa da ke yawo a intanet ana jingina su ga Honey Singh, aka kai ƙara wurin 'yan sanda a Lucknow, aka kuma soke wasan da zai yi a wani otel na Gurgaon daren shiga sabuwar shekara. Shi dai ya musanta, ya ce wadda ta fi tayar da hankalin ba tasa ba ce. Duk da wannan, kasuwarsa ba ta faɗi ba, sai ma ƙara hawa da ta yi.

Cikin 2014 aiki ya yi masa rubdugu. Ya fitar da kundin Desi Kalakaar, yana jagorantar wata gasar waƙa a talabijin, yana yi wa finafinai kiɗa, sa'an nan a watan Satumba ya bi ayarin Shah Rukh Khan zuwa Amurka domin wasanni gari-gari. Bisa ga abin da shi da kansa ya bayyana daga baya, a birnin Chicago ne abin ya kece. Wani irin tsoro ya rufe shi, ya sakankance cewa in ya hau dandamali mutuwa zai yi. Da ya ga ba a saurare shi ba, sai ya aske gashin kansa domin a ƙyale shi, da wannan bai yi ba sai ya ɗauki kofin tangaran ya fasa a kansa. Ya koma Indiya, ya shige gida, ya rufe ƙofa.

Inda babu labari, jita-jita ce ke cin kasuwa. Waɗansu suka ce an kai shi gidan gyaran mashaya, waɗansu suka ce Shah Rukh Khan ne ya mare shi, waɗansu kuma suka ce basirar ce ta ƙafe. Sai a watan Maris na 2016 ya yi hira da 'yan jarida ya warware zancen. Ya ce babu wanda ya mare shi, kuma wata 18 ɗin nan a gidansa na Noida ya yi su, kusa da Delhi, yana fama da ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira bipolar, ga kuma giya da ta riga ta kama shi. Ya ce sai da ya sauya likita har huɗu kafin a dace da magani, kuma mutumin da ya saba tsayawa gaban dubban jama'a ya koma ba ya iya haɗa ido da mutum huɗu ko biyar.

Ya kamata a yi wa mai karatu bayanin wannan ciwo, domin jahiltarsa ta fi shi kansa ɓarna. Mai fama da shi yakan yi ta kai da komowa tsakanin hali biyu. Wani lokaci ƙarfi ya zo masa fiye da kima, barci ya ƙaurace masa ba tare da ya ji gajiya ba, tunani ya yi ta gudu, magana ta yi yawa, ya ga babu abin da ya fi ƙarfinsa. Wani lokaci kuma ya faɗa cikin baƙin ciki mai nauyi, ya kasa ko da tashi daga shimfiɗa. In abin ya tsananta yakan gaskata abin da babu shi, kamar ya ɗauka ana farautarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2019 mutum wajen miliyan 40 ke ɗauke da shi. Likitoci sun tabbatar da cewa rashin barci da giya da kayan maye suna tayar da shi, suna kuma hana magani aiki, amma wanda ya dace da magani ya kuma lizimce shi yana iya komawa sana'arsa.

A nan ne hatsarin sana'ar irin su Honey Singh yake. Alamun farko na ciwon, watau kwana aiki da rashin gajiya da ganin kai ya fi kowa, su ne ainihin abin da kasuwar waƙa ke yabo take kuma biya. Wanda ke kawo riba ba a cika ce masa ya je ya huta ba. Mutane da yawa na ci daga jikinsa, kowane kuwa yana da dalilin da zai sa ya ga lafiya lau ake.

Fitowar da ya yi ya kira ciwon da sunansa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da iyali kan ɓoye irin wannan lalura domin tsoron kada a ƙi auren 'ya'yansu. Shekara guda kafin nan, cikin 2015, Deepika Padukone, wadda ta taka rawar Lungi Dance ɗin nan tare da Shah Rukh Khan, ta bayyana cewa ta yi fama da ciwon baƙin ciki, har ta kafa gidauniya domin wayar da kan jama'a. Cikin 2017 kuma majalisar Indiya ta zartar da sabuwar dokar kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Amma jin haka daga bakin namiji, wanda duk sunansa a kan bugun ƙirji ya ginu, ya isa kunnen samarin da ba su karanta bayanin likita.

Bahaushe ya ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Kafin ya warke, Badshah da Raftaar, waɗanda a da suke ƙungiya ɗaya da shi mai suna Mafia Mundeer kafin su ɓata a kan wanda ya cancanci yabon waɗansu waƙoƙi, sun riga sun cika gurbin da ya bari. Ya dawo sannu a hankali, jikinsa ya yi nauyi saboda magani, masu ba'a na yi. Cikin 2018 waƙoƙi biyu da ya yi wa fim ɗin Sonu Ke Titu Ki Sweety suka karɓu, ɗaya daga ciki kuwa zancen giya ce har wa yau. A ƙarshen shekarar ya fitar da Makhna, wadda cikin 2019 hukumar kare mata ta Jihar Punjab ta kai ƙara a kanta saboda kalmomin da ta ce sun ci mutuncin mata, 'yan sandan Mohali suka buɗe bincike. Cikin watan Agusta na 2024 kundinsa Glory ya sake ɗaga shi, kuma a watan Disamba na wannan shekara kamfanin Netflix ya nuna wani fim na tarihin rayuwarsa, inda ya koma tsohon gidansu na Karampura ya kuma ba da labarin daren Chicago da bakinsa.

Masu sha'awarsa na so a ce ciwon ya wanke shi daga duk wani zargi, masu sukarsa kuwa na so a ce alhaki ne ya kama shi. Duka biyu sun kauce. Ciwo jarrabawa ce da ke samun na kirki da na banza, wanda ya mai da shi abin gori ya ƙara wa dubban marasa lafiya dalilin yin shiru. Haka nan kuma ciwo ba ya goge abin da baki ya furta. Magana zarar bunu ce, waƙoƙin da suka ƙawata kwalba suka kuma ƙasƙantar da mace suna nan ana juya su a gidajen biki, yaran da suka haddace su cikin 2013 yanzu magidanta ne. Shi kansa ya amsa cewa giya da kayan maye sun ci shekarunsa, yana kuma gargaɗin samari da su nisance su. Sai dai gargaɗin a hira da 'yan jarida yake yinsa, alhali kuwa tallan a kan kiɗa ya yi shi, kowa kuwa ya san wanda ya fi nisan zango tsakanin biyun.

Yanzu ya haura shekara 40, hannunsa bai manta ganga ba, jama'a kuma ba su daina saurarensa ba. Abin da ya rage a gani shi ne ko mutumin da ya iya sa ƙasa guda rawa a kan kwalba huɗu zai ɗora labarin wata 18 ɗin nan a kan kiɗa mai daɗin da ya kai wancan. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma ba masu fasaha ikon auna abin da suke bar wa na baya.