Daga Bakin Gada: Mu Nawa Ne a Ngueli?

A wannan fitowa ba za mu yi nisa ba, za mu tsaya ne a ƙofar gida, mu yi wa kanmu tambayar da muka daɗe muna kauce mata: shin mu nawa ne a Ngueli, kuma wa ya san da zamanmu?

Dattawanmu suna tuna lokacin da wannan wuri yake ƙauye na masunta da makiyaya a bakin kogin Logon, birni kuwa yana can ƙetaren Shari. Wanda zai je Kusuri a wancan zamani, jirgin fito ko kwalekwale yake nema. Gadar da aka buɗe a 1985 ita ce ta sauya kome. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Duwala, su biyo ta Garwa da Marwa, nan suka koma tsayawa a gaban duwan, kuma inda mota ta kwana, nan mai shayi da mai tsire da mai gyaran taya da ɗan dako za su kafa rumfa. Rumfa ta zama ɗaki, ɗaki ya zama gida. Da yawa daga cikinmu haka iyayenmu suka zauna.

Birnin ma bai tsaya jiran kowa ba. Ƙidayar 1993 ta sami mutum dubu 500 da ɗoriya a Njamena, ta 2009 kuwa ta sami kusan miliyan ɗaya, wato ya kusa ninkawa cikin shekara 16. An kasa shi gunduma 10, kowace da magajin garinta da majalisarta, waɗanda aka fara zaɓa a 2012. Tamu ita ce ta 9, wadda ta haɗa Ngueli da Waliya da Tukra da wasu unguwanni a tsakanin kogunan biyu. Kowace unguwa kuma an raba ta ƙananan shiyyoyi da Faransanci ke kira carré, kowace da shugabanta. A hannun wannan bawan Allah, wanda yawancinmu ba mu ko san sunansa ba sai ranar rigimar iyaka, lissafin gidaje yake farawa.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mu Hausawan wannan yanki mun gaji wata ɗabi'a daga kakanninmu da suka ratso ƙasar nan, wasu da fatauci, wasu a ƙasa kan hanyar aikin Hajji: muna ɗaukar kanmu matafiya. Mutum ya yi shekara talatin a gida ɗaya, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki, amma in ka tambaye shi sai ya ce ai zaman kasuwa yake yi. Yaro ya zo duniya, a yanka rago, a raba goro, a watse, babu wanda ya taka zuwa ofishin magajin gari domin takardar haihuwa. Sai ranar da za a rubuta shi jarrabawar lakwal, ko ya tashi neman katin ɗan ƙasa, sannan a shiga neman shaidu da hukuncin kotu, a kashe ninkin abin da aka yi ƙyashin kashewa da fari.

Ruwan 2022 ya nuna mana farashin wannan sakaci. Kowa ya san halin kogunan nan: ba sa cika da ruwan da ya sauka a kanmu, sai da wanda ya gangaro daga kudu, shi ya sa suke tumbatsa a watan Oktoba da Nuwamba, bayan damina ta ɗauke, mutane sun saki jiki. A waccan shekara Shari ya wuce mita 8, gundumarmu na cikin waɗanda suka fi shan wuya, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Da aka zo rabon tanti da hatsi, da sunaye aka yi aiki. Mun ga wani maƙwabcinmu, magidanci mai mutum goma sha huɗu a ƙarƙashinsa, yana tsaye a rana yana rantsuwa cewa shi ɗan unguwa ne, alhali a takardar shugaban shiyya ba a san gidan da kowa ba sai tsohon mai filin, wanda ya rasu da daɗewa. Ba mu ce masu rabon sun yi adalci a ko'ina ba, ƙorafi ya yi yawa kuma wani na da tushe. Amma wannan karon laifin daga gida ya fito.

Batun filin ma abin dubawa ne. Wanda ya zo saye a watan Maris zai ga ƙasa busasshiya, shimfiɗaɗɗiya, mai araha, a rubuta masa 'yar takarda a gaban bulama da shaidu biyu, ya tafi yana murna. Arahar tana da dalili. Wani filin kwari ne da kogi ke kwana a ciki tun kafin a haifi mai sayarwa, wani kuma an riga an ware shi domin titi ko makaranta. Ruwa ya sake tasowa a 2024, zai kuma sake, domin gacin da aka yi yana rage ɓarna ne, bai sauya wa kogi hali ba. Mai niyyar saye ya zo ya ga wurin a Oktoba, ya dubi tabon ruwa a bangon maƙwabta, ya kuma tambayi ma'aikatar filaye kafin ya ƙirga kuɗi.

Hukuma tana gina aji da asibiti da famfo ne bisa adadin da ke rubuce a gabanta, kujerun majalisar gunduma kuma masu katin zaɓe ne ke cika su. Saboda haka muna roƙon kowane magidanci, kafin damina mai zuwa, ya je wurin shugaban shiyyarsa ya tabbatar an rubuta gidansa da sunansa da yawan mutanen da ke ciki, har da almajirai da 'yan haya. Iyaye mata kuma, ku da kuka fi kowa sanin ranar da aka haifi kowane yaro, ku tsaya a kan takardar haihuwa tun kafin a gama wankan jego.